Dokar jiha kan renon yara da ajin share fage: daga ina ya kamata mu fara?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka da aikin gwamnati a kan wata magana da ta daɗe tana ci wa ƙungiyarmu ta matan unguwa tuwo a ƙwarya. Yawancinmu masu ƙananan sana'o'i ne, sai kuma malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, kuma kusan kowacce tana da yaron da bai isa shiga aji ɗaya ba. A firamaren gwamnati da ke kusa da mu akwai ɗaki guda da ake kira ajin share fage, amma ba shi da malama tsayayya, sai dai wadda ta samu sarari ta leƙa, yara kuwa daga 'yan shekara uku zuwa biyar duk a cakuɗe suke a kan tabarma ɗaya. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne 'yan mata 'yan aji biyu da uku da ke zuwa da ƙannensu a goye, su zauna a bakin ƙofa domin su samu saurin fita idan jaririn ya fara kuka. Wasu ma an zaunar da su a gida baki ɗaya saboda raino. Gidajen renon yara na kuɗi suna nan, sai dai masu kyan sun fi ƙarfin aljihunmu, masu arhar kuma a shaguna marasa taga ake buɗe su, babu wanda ke zuwa ya duba abin da ake yi a ciki.

Shin akwai dokar da ta wajabta wa gwamnati kula da yara kafin firamare, ko kuwa alfarma ce kawai? Idan akwai, wa za mu tunkara, Abuja ko majalisar dokokin jiharmu? Wasu daga cikinmu suna ganin mu nemi ɗan majalisarmu ya gabatar da sabon ƙudurin doka, wasu kuma suna cewa ɓata lokaci ne. Ba ma so mu tara mata, mu tayar musu da tsammani, sannan mu buga ƙofar da ba ita ba ce.

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan himma. Na yi aiki a ɓangaren ilimin bai-ɗaya har na yi ritaya, saboda haka zan faɗi abin da takardu suka ƙunsa, da kuma inda suka bar giɓi, domin a giɓin nan ne maganarku take.

Babbar dokar ita ce ta ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole ta shekarar 2004, wadda ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, jihohi kuma suka yi nasu dokokin suka kafa irin wannan hukuma a matakin jiha, wato SUBEB. A wurin da dokar ta fassara ma'anar ilimin tushe, ta sanya kula da ƙananan yara da koyar da su tare da shekaru tara na firamare da ƙaramar sakandare. Amma a sashen da ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin bayar da ilimi kyauta kuma dole, ta ambaci yaran da suka kai shekarun firamare da ƙaramar sakandare ne kawai. Ma'ana, ɗan shekara huɗu yana cikin waɗanda za a iya kashe wa kuɗin ilimin tushe, amma ba ya cikin waɗanda aka tilasta wa gwamnati ta samar wa aji. Daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2013, ta zo da shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce kowace firamaren gwamnati ta samar da ita, ta kuma tsara cewa malama ɗaya ta riƙe yara 25 a irin wannan aji, a wurin renon jarirai kuma mai raino ɗaya ga yara 10. Tun 2007 ma akwai manufar ƙasa ta musamman a kan ci gaban ƙananan yara, wadda ta haɗa lafiya da abinci da koyo wuri guda. Sai dai manufa ba doka ba ce. Ba za a kai kwamishina kotu don ya saɓa wa manufa ba, kuma sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 da ya yi maganar ilimi kyauta yana cikin babi na biyu, wanda kotuna ba su da hurumin tilasta aiki da shi kai tsaye.

Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce jiha. Makarantun firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, ɗaukar malamai da tura su aiki ma haka, kuma majalisar jiha tana da cikakken ikon gyara dokar SUBEB ɗinta ta ƙara shekarar share fage cikin abin da yake dole. Haka nan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ba ta fara aiki a ko'ina ba sai a Abuja, har sai da kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Sakkwato a 2021, Kano kuma sai a watan Mayun 2023 aka rattaba mata hannu, wato shekara ashirin bayan ta tarayya. Mutane sun fi sanin wannan doka da taƙaddamar shekarun aure, amma a cikin ta tarayyar akwai ɓangare guda sukutum da ya yi maganar yi wa gidajen renon yara rajista da zuwa duba su. Tunda jihohi sun yi wa dokar gyare-gyare kafin su karɓe ta, aikinku na farko shi ne ku nemi kwafin ta jiharku a ma'aikatar shari'a ko ta harkokin mata, ku duba ko an bar wannan ɓangare ko an cire shi. Idan yana nan, ba sabuwar doka kuke buƙata a kan shagunan nan marasa taga ba, ƙa'idojin aiwatarwa da ma'aikatan dubawa kuke buƙata.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce jijiyar al'amarin. Dokar 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason daidai da abin da za ta karɓa. An sha samun biliyoyin naira jibge a asusun UBEC saboda wasu jihohi ba su biya nasu ba. Ko bayan an karɓo kuɗin, tsarin rabon da hukumar ta daɗe tana aiki da shi ya ba matakin ƙananan yara kashi 5 cikin 100 ne, firamare 60, ƙaramar sakandare 35. Wannan ɗan kason ma yakan tafi a gini da kujeru, alhali abin da ajin yake nema shi ne malamar da ta san yadda ake riƙe ɗan shekara huɗu, da ruwa, da banɗaki a kusa. Na sha shiga makarantar da aka jera sababbin kujeru masu launi a ɗaki aka kulle, yaran kuma suna gindin bishiya da wata 'yar sa-kai da ba a biyan ta ko sisi. Dalilin ke nan da ba na murna idan na ji an sanya hannu a kan doka, sai na ga sunan abin a cikin kasafin kuɗi, na kuma ga an saki kuɗin.

Anti Mai Raino:

Baba, na gode da wannan bayani, amma ina roƙon a saurari ɓangarenmu kafin a kira masu dubawa. Ina da ɗan wurin raino a cikin gidana, yaran ma'aikatan jinya da na 'yan kasuwa nake riƙewa. Ba na goyon bayan a tara jarirai a shago, kuma na san akwai masu yi don kuɗi kawai, ba su damu ko yaro ya wuni da tsumma a jiƙe ba. Sai dai idan aka rubuta ƙa'idar da ta ce sai kana da fili mai faɗi da takardar shaidar gini da kuɗin rajista mai nauyi kowace shekara, to manyan makarantun kuɗi ne kaɗai za su cika ta. Irinmu za a rufe, iyayen kuma ba za su daina fita nema ba, sai dai su koma ajiye yaran a inda babu mai gani, ko kuma nauyin ya sake faɗawa a bayan 'yan matan nan da Maman Sadiya take tausayi.

Idan za a nema mana doka, a nemi wadda ta fara da abin da ke kare rai: iska da haske a ɗaki, tsaftataccen ruwa, rufe rijiya, adadin yaran da mutum ɗaya zai riƙe, katin rigakafi, da sanin taimakon gaggawa idan yaro ya shaƙe ko ya kama jijjiga. A sa rajistar ta zama kyauta ko mai sauƙi a ƙaramar hukuma, a ba mu wa'adin gyara, a kuma haɗa ta da horo. Kwalejojin ilimi suna da kwas na musamman a kan renon ƙananan yara a matakin NCE, kuma da jiha za ta sa su riƙa ba irinmu gajeren horo lokacin hutu, da yawa za mu je da ƙafarmu. Ku gayyace mu zaman tun daga farko, kada mu ji labarin dokar a rediyo ranar da aka zo rufe mana ƙofa.

Malam Na Tsangaya:

Ina tare da masu neman gyara, amma ina da jan hankali. A ƙasar nan yaro ɗan shekara uku ko huɗu ba a gida kawai yake ba, da yawa suna makarantar allo ko Islamiyya safe ko yamma, kuma iyaye sun amince da waɗannan wurare fiye da yadda suka amince da kowane sabon tsari. Duk ƙudurin da aka rubuta kamar waɗannan makarantu ba su wanzu ba, zai gamu da zargin cewa ana so a raba yara da karatun addini tun suna ƙanana, kuma mun ga yadda irin wannan zargi ya riƙe dokar kare yara shekara da shekaru a majalisun Arewa har sai da aka zauna da malamai da sarakuna. Ku shigo da limamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, tun kafin a rubuta layin farko. Ku kuma tsaya kai da fata a kan cewa da harshen uwa za a koyar a wannan mataki, domin abin tausayi ne ka ga yaron da bai gama iya Hausa ba ana tilasta masa haddar Turancin da ita kanta malamar ba ta saki baki da shi ba.

Jariri kuma, a fahimtata, bai da wurin da ya fi jikin mahaifiyarsa. Dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 kawai ta bayar na hutun haihuwa, da aƙalla rabin albashi, sai rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Legas ta mayar da hutun wata shida ga ma'aikatanta a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Wannan abu ne da gwamna zai iya yi wa ma'aikatan jiharsa ba tare da jiran Abuja ba, kuma ba na jin akwai malamin da zai yi jayayya da shi.

Yaya Daga Amurka:

Ina zaune a Amurka, kuma abin da Baba Sufeto ya faɗa a kan kuɗi shi ne ainihin abin da aka yi ta fama da shi a nan. Mutane suna zaton komai daga Washington yake fitowa, alhali kusan duk wani ci gaba a kan renon yara daga majalisun jihohi ya taso. Jihar Oklahoma ta buɗe wa dukkan 'yan shekara huɗu ajin share fage tun 1998 ta hanyar sanya su cikin lissafin kuɗin da ake ba makarantun gwamnati, jihar Georgia kuma da kuɗin cacar jiha take ɗaukar nauyin nata, hanyar da ba za ta karɓu a wurinmu ba.

Wadda ta fi dacewa ku yi nazari a kai ita ce New Mexico, domin jiha ce da ke cikin mafi talauci a ƙasar, amma tana da wani babban asusu da ake tarawa daga kuɗin man fetur da iskar gas da ake haƙowa a filayen jiha. Iyaye da masu raino da ƙungiyoyin addini sun shafe fiye da shekara goma suna neman a gyara tsarin mulkin jihar domin a riƙa ɗibar wani ƙarin kaso daga asusun ana kashewa a kan ƙananan yara. Majalisar wakilan jihar takan amince, sai ƙudurin ya maƙale a majalisar dattawa. Da masu fafutukar suka ga haka, sai suka koma mazaɓun sanatocin da ke tare hanya, kuma a zaɓen fidda gwani na 2020 da dama daga cikinsu suka sha kaye. A 2021 ƙudurin ya wuce, a watan Nuwamban 2022 kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka amince da shi. Jihar ta riga ta kafa ma'aikata guda mai kula da wannan fanni kaɗai tun 2020, kuma daga 1 ga Nuwamban 2025 gwamna Michelle Lujan Grisham ta mayar da renon yara kyauta ga kowane iyali ba tare da duba samunsa ba. A Vermont kuwa, majalisa ta sanya harajin kashi 0.44 cikin 100 a kan albashi a 2023, mafi yawansa masu ɗaukar ma'aikata ke biya. Gwamna Phil Scott ya ƙi sa hannu, 'yan majalisa suka tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku.

Ba ina cewa a kwafo tsarinsu ba ne, domin aljihun ba ɗaya ba ne, kuma har yanzu suna kukan ƙarancin masu raino saboda albashin aikin bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne kowacce daga cikin jihohin nan ta nuna takamaiman inda kuɗin zai fito, ta kuma ɗaure shi da doka yadda gwamnan da zai zo ba zai iya karkatar da shi cikin sauƙi ba.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa:

Hajiya Maman Sadiya, ni na ga yadda ƙudurori ke shiga zauren majalisar jiha da yadda mafi yawansu ke mutuwa, don haka ba zan ba ku shawarar fara da sabuwar doka mai shafuka masu yawa ba. Ƙudurin da ɗan majalisa ya kawo a ƙashin kansa, musamman mai buƙatar kuɗi, yakan tsallake karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti, daga nan kuma shiru. Wanda ya fito daga ɓangaren gwamna shi ne ke tafiya da sauri. Tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, ya kuma ba majalisa ikon tsallake shi da kashi biyu cikin uku kamar yadda Yaya ya ce an yi a Vermont, amma a majalisunmu abu ne mai wuyar gani.

Da ni ne ku, buƙata ɗaya zan riƙe a shekarar farko, wato a tura malama tsayayya kowane ajin share fage na firamaren gwamnati, a kuma buɗe wa matakin share fage layinsa na kansa a kasafin SUBEB yadda kowa zai iya ganin nawa aka ware da nawa aka saki. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka, kuma idan ya samu, gyaran dokar da Baba Sufeto ya ambata zai zo da sauƙi domin an riga an ga amfaninsa a ƙasa. Ku kula da lokaci, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatu suna haɗa lissafinsu tun tsakiyar shekara, gwamna yakan gabatar da kasafi a watannin ƙarshe, sannan kwamitocin majalisa su kira kowace hukuma ta kare nata. Wanda ya zo a watan Disamba da takardar koke ya makara. Jihohi da dama suna yin taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafi a shiyyoyi, kuma sau da yawa za ka tarar ana ta maganar titi da taransifoma babu wanda ya tashi ya ambaci yara.

Kada ku je da kuka kawai. Ku zagaya makarantun mazaɓarku tare da kwamitin kula da makaranta na al'umma, ku rubuta sunan kowace makaranta, yawan yaran da ke ajin, ko akwai malama, ko akwai ruwa da banɗaki, da yawan 'yan matan da raino ya hana zuwa. Shafi biyu sun isa. Ku kai wa ɗan majalisarku da shugaban kwamitin ilimi da na harkokin mata, ku ajiye kwafi a ofishin akawun majalisa a buga muku hatimin karɓa, ku kuma kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma domin kada ya ji an tsallake shi. Ma'aikatar ilimi da ta lafiya da ta mata kowacce takan ce yaron da bai kai shekara biyar ba na ɗayar ne, saboda haka ku nemi a faɗa muku a rubuce wace ce ke da alhakin gidajen raino a jiharku.

Maman Sadiya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa shugabanninmu amsoshin nan, kuma mun tsayar da cewa za mu fara da ƙidayar makarantu da neman kwafin dokar kare yara ta jiharmu. Anti Mai Raino, za mu nemi masu irin aikinki na unguwarmu su shigo kwamitin, Malam kuma mun karɓi shawarar zuwa wurin liman da mai unguwa kafin kowa. Abin da ya rage mini shi ne, ƙungiyarmu rajistar ƙaramar hukuma kawai take da ita. Shin za a saurare mu a majalisa da wannan, ko sai mun fake a bayan wata babbar ƙungiya?

Tsohon Ma'aikacin Majalisa:

Za a saurare ku, Hajiya. Kowane ɗan jiha yana da damar shigar da koke ta hannun wakilinsa, kuma a zaman jin ra'ayin jama'a ba a tambayar takardar rajista kafin a karɓi rubutaccen bayani. Haɗa kai da gamayyar ƙungiyoyin ilimi irin su CSACEFA zai taimaka muku wajen samun labarin ranakun zama da kuma mai duba muku rubutu, amma ku sa takardar ta fita da sunanku da sa hannun iyayen mazaɓar, domin ɗan majalisa ya fi jin maganar waɗanda ƙuri'arsu ke akwatinsa. Idan kun kammala ƙidayar, ki kawo ta nan mu taya ku tsara ta kafin ma'aikatu su rufe lissafin kasafin baɗi.